Sifirin Bayan Mayanka

Rana ta yi ja ta faɗa bayan katanga lokacin da bakaniken ya sassauta jak a hankali, akori-kurar ta sauko ta zauna a kan tayoyinta na baya, ta tsaya daidai, ba ta karkata ko'ina ba. Ya fito daga ƙarƙashinta da jan baya, rigarsa duk ƙasa da baƙin mai, ya koma gefe ya riƙe ƙugu yana kallonta. Shekara da shekaru motar nan tana tsaye a tsakar gidan da ƙugun hagu a sauke, kamar tsohuwar akuyar da haihuwa ta gama da ita. Ta mahaifinsa ce, ta ma girmi bakaniken kansa, kuma tun ranar da aka binne tsohon bai yarda wani ya kira ta gwangwan a gabansa ba. Inji ya gyara, fenti ya sake da hannunsa, kujera ya ɗinke. Abu ɗaya ne ya gagare shi, sifirin na baya: dogayen ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa falle a kan falle, a ɗaure su a kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, su ɗauki nauyin akori da duk abin da aka loda masa. Nata sun gaji sun miƙe, kuma irinsu an daina kawowa shago tun kafin ya yi aure.

"Ku fito ku ga ikon Allah!" ya ɗaga murya.

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Kaka, ta ɗaga labulen ɗakinta ta kare ido da tafin hannu.

"To, yayarka ta miƙe," in ji Kaka. "Saura ni. Ko akwai ragowar ƙarfen ka ɗaura min a wannan ƙugun?"

Ta ƙarshen fitowa ita ce 'yarsu, ita kaɗai ta rage a gabansu, budurwa ce da ta kusa gama sakandare, ba ta da zance sai na makarantar jinya. Kaka ce ta raɗa mata 'Yar Sabulu, domin yarinya ce da ba ta shan ruwa a kofin da ba ita ta ɗauraye ba, in kuma ta gaisa da baƙuwa sai ta faki idonta ta je famfo. Ta taho tana murmushi za ta taya ubanta murna, sai ta tsaya a tsakiyar hanya, ta kai mayafi hanci.

"Baba, wani abu ya mutu a ƙarƙashin motar nan."

"Warin aiki ne, 'Yar Sabulu. Shi ke ciyar da ke."

"A'a Baba, warin aikinka na san shi. Wannan daban ne."

Gaskiyarta. Bai gaya musu inda ya samo ƙarafan ba. A bayan mayanka akwai wani fili inda mai gwangwan ke tara matattun motoci, kuma a can ƙarshen filin, inda ruwan mayankar ke gangarowa ya kwanta, ya tarar da 'yar'uwar motarsa, ƙira ɗaya, zamani ɗaya. Ita wannan duk rayuwarta sharar mayanka ta yi ta kwasa zuwa juji: kayan tumbi, ƙasusuwa, kofatai, jinin da ya daskare. Da lodinta na ƙarshe ta mutu, kuma ba wanda ya damu ya sauke mata shi. Mai gwangwan ya tsaya daga nesa ya nuna masa ita da baki, ya ce in yana so ya kwance da kansa, shi dai ba ya shiga ƙarƙashinta, karnuka ma zagaye ta suke yi. Bakaniken ya ɗaure hanci da tsumma ya kwanta a cikin wannan caɓi, yana kwance noti, wani abu mai sanyi yana ɗiga masa a wuya, shi kuwa yana murna.

Abin da ya yi ta tsiyaya daga akorin tsawon shekaru ya shige tsakanin fallayen ya bushe, baƙi ƙirin, da gashi-gashi a jikinsa. Da wani ne da ya kai su famfo. Amma bakanike ba ya haɗa sifirin da ruwa, ruwa tsatsa yake haifarwa. Ya kankare abin da bakin sukundireba ya iya kaiwa, sauran ya kwarara masa baƙin mai ya rufe. Falle ɗaya ya samu da tsaga, sai ya kwance kusar tsakiya ya zare shi, ya cike gurbin da ɗaya daga cikin tsofaffin nasa. Tsagaggen kuma bai yar ba, don duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san babu ƙarfen da ke riƙe kaifi kamar na sifirin. Ya kai wa maƙeri, maƙeri ya fitar masa da doguwar wuƙa mai ƙyalli, kuma a safiyar wannan ranar ya miƙa wa matarsa ita, ta yi ta godiya.

Aka kira sallar magariba. Tsakar gidan ya yi irin shirun da yakan yi idan tsuntsaye sun gama hayaniya, fitilu ba su gama kamawa ba. Bakaniken ya tsuguna yana alwala, sai bayan motar ya yi ƙara, ƙiiit, ya nutsa kaɗan, kamar an taka an hau. Inji a kashe, akori fayau. Ya sake nutsawa. Ya sake. Ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mutanen da kowa ya san wurin zamansa.

"Sabon ɗauri ne," ya ce, bai juyo ba, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Mazauni yake nema."

Suna cikin sallah wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi ya gangaro, wani ya biyo shi. Kaka ta ce 'ya'yan maƙwabta ne marasa tarbiyya. Da gari ya waye matar ta fito shara, ta ga ashe ba duwatsu ba ne. Kofatai ne, da guntayen ƙashin gwiwa, a jiƙe, da sauran jijiya a jikinsu, tururuwa kuma ta ja layinta ta kauce musu.

Daga nan abinci ya fara lalacewa a gidan. Naman da aka sayo da safe ja wur, ana yanka shi kafin tukunya ta yi zafi ya koma kore, ya saki yauƙi. Albasa in an raba ta biyu sai ta zubo da ruwa mai kauri kamar na ƙurji. Ranar da matar ta yanka wa Kaka lemo, tsohuwar ta kai baki, ta tsaya, ta sauke hannu a hankali, ga tsutsotsi farare ƙanana suna motsi a inda wuƙa ta bi. Ta tashi ta zagaya bayan ɗaki, aka daɗe ana jin kakarinta. Manyan ƙudaje masu ƙyallin kore suka cika igiyar shanya har ba a ganin igiyar. Warin kuwa ba irin wanda hanci ke sabawa da shi ba ne. Yana kwanciya a harshe, yana shiga tufafin cikin akwati, yana bin mutum masallaci har na kusa da shi a sahu ya matsa. Maƙwabciyar da ta saba shigowa hira da hantsi ta koma gaisuwa ta kan katanga, daga baya ma ta daina.

Kuma kullum in rana ta faɗi, motar sai ta nutsa, sai a fara jin su. Ba magana ce sosai ba, tauna ce, da tsotsar ɓargo, da wani gunaguni ƙasa-ƙasa irin na tsofaffin da ke cin abinci ba sa son a sa musu hannu. Can daga cikin kicin, inda wuƙar ke rataye, wata siririyar murya takan amsa musu. Matan gidan sai su tattaru a ɗakin Kaka su rufe ƙofa, kowa da carbi, ba mai kallon 'yar'uwarta.

"Maigida, tun ranar da ƙarafan nan suka shigo gidan nan ban ci abu ya zauna min ba," matar ta ce masa wata safiya. "Ka kwance su."

"In kwance? Kin san shekara nawa na yi ina nemansu?"

"Na san kwana nawa na yi ina amai."

Bai kwance ba. Ya tone lambatu, ya hau silin neman mataccen ɓera, ya je ya yi wa maƙwabci maganar masai har suka kusa ɓatawa. Da rana kuma sai ya tada motar ya fita zagaye, ya bi hanyar da ta fi ramuka da gangan, don ya ji yadda bayanta ke haɗiye rami tana lilo kamar kwale-kwale a kan ruwa. Ya dawo fuska a sake, ƙudaje na biye da shi.

'Yar Sabulu ce ta lura cewa abin da aka ɓare da hannu ba ya ruɓewa, sai wanda wuƙa ta taɓa. Ta yi abin da ta iya. Ta tafasa ruwa ta yi bisimilla ta kwarara wa wuƙar, ta dirje ta da soson ƙarfe da sabulu, ta jiƙa ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta sake ɗora wani ruwan. Ta gaya wa uwarta cewa duk sanda ruwan ya sauka tana jin wani ɗan kuka siriri, amma ƙila butar shayi ce. Ta yi haka da yamma, ta yi washegari, ta sake yi.

Sai ta daina wanka.

Da farko Kaka ta so ta mai da abin wasa. "Ƙawata, yajin aiki kike? Yau masu sabulu sun shiga uku." Yarinyar ta ɗago ta dube ta, kallon da ya sa tsohuwar ta haɗiye sauran dariyarta. Ta daina cin abin da aka dafa. Ta daina sallah. Gashinta ya cukurkuɗe, farcenta ya yi baƙi, ta koma zama a bakin lambatu tana bin ƙudaje da ido, in ɗaya ya sauka a leɓenta ba ta kora. Sau ɗaya tak, uwar tana ƙoƙarin goge mata fuska da jiƙaƙƙen tawul, idonta ya dawo na ɗan lokaci, ta damƙi hannun uwar ta ce, "Mama, ki riƙe ni, ba ni ba ce." Kafin uwar ta amsa ta fizge tawul ɗin ta jefar.

Bakaniken ya ce zazzaɓi ne ya hau mata kai. A bayan akori-kurar ya kwantar da ita ya kai ta asibiti, kuma duk tsawon hanya tana shafa ƙasan akorin da kumatu tana wani irin gurnani na jin daɗi. Aka auna jini aka ce ba a ga komai ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta sa mata ruwa ta yi aikinta da fuska a kauce.

Ranar da aka dawo da ita, da la'asar sakaliya, uwar ta shiga ɗaki ba ta gan ta a gado ba. Ta duba banɗaki, ta leƙa waje. Magariba ta kawo jiki, inuwar motar ta cinye rabin tsakar gida, sai ta hango ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin akori, da wani sauti kamar kare na lasar kwano. Ta durƙusa ta leƙa. Yarinyar tana kwance rigingine a inda ubanta ke kwanciya, ta rungume sifirin da hannu ɗaya, tana zura harshe tsakanin fallaye, tana ƙwaƙulo baƙin abin nan da farce tana kaiwa baki, baƙin mai na gangarowa ta gefen kumatunta zuwa kunne, gashin dabba a maƙale a haƙoranta. Tana tauna tana lumshe ido.

Ihun uwar ne ya fito da bakaniken. Ya kama ƙafafun ya ja, mutumin da ke ɗaga giyabos ɗin mota shi kaɗai, ya kasa motsa ta. Sai da ta ga dama ta saki. Ta fito ta zauna, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta yi gyatsa, uwar ta juya ta yi amai a gindin taya.

"Ko ka je ka kira malam," in ji Kaka, "ko ni in ja ƙafata in tafi."

Malamin da aka kira washegari dattijo ne mai karantar da manya a unguwar, ba mai yawan magana ba, an san shi da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya iso da yamma liƙis. A bakin ƙofa ya yi sallama, sallamar ta katse a tsakiya. Ya ciro hankici ya toshe hanci, ya dubi bakaniken.

"A cikin wannan kuke kwana?"

"Lambatu ne, malam, ina kan gyara..."

"Na san warin lambatu. Kawo tabarma nan waje, ba zan iya ɗaki ba."

Aka shimfiɗa tabarma nesa da motar iya faɗin gidan. Uwar da Kaka suka riƙo yarinyar suka zaunar, suka lulluɓa mata zane. Malam ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya zauna, ya fara karatu, murya ƙasa, ba gaggawa. Haske ya yi ta raguwa. Ƙudajen suka tashi daga igiya gaba ɗaya suka koma jikin motar suka lafe. Kofato ya faɗo daga sama a gefen tabarmar, malam ya ture shi da sanda bai daina ba. Ya tofa a ruwan, ya yayyafa mata.

Yarinyar ta sandare. Kanta ya koma baya, maƙogwaronta ya kumbura, sai wata murya ta fito, ta namiji, mai kauri da majina, kamar ana magana ta cikin bututun da ya toshe.

"Kai dattijo, ya isa. Ruwa, ruwa, ruwa. Mutanen gidan nan ba ku da aiki sai ruwa?"

"Wane ne kai?"

"Mai gida."

"Ga mai gida nan a tsaye."

"Wannan? Wannan ai ɓarawon ɗaki ne." Idanun yarinyar suka juya kan ubanta. "Muna zaune lafiya, ni da iyalina, tun motar can tana tafiya. Abinci na sauko mana daga sama, ba mu roƙi kowa ba, ba mu taɓa kowa ba. Ya zo da sifana ya kwance mu ya kawo mu nan. Ka ga gidan? Ko'ina an share, ko'ina turare, ana ta goge-goge. Yarana sun rame. Ni kaina ƙyanƙyami ya hana ni barci."

Kaka ta saki salati. Malam ko gira bai ɗaga ba.

"In kawo ka aka yi, da wanda ya kawo ka kake da magana. Me yarinya ta yi maka?"

Muryar ta yi ƙasa, ta yi sanyi, kuma sanyin ya fi ihun ban tsoro.

"Uwata tsohuwa ce, ba ta iya tashi. Fallen da ya tsage nan ne ɗakinta. Ya zare ta daga cikinmu ya kai wa maƙeri. Wuta ba ta dame ta ba, mu da wuta ba baƙin juna ba ne. Guduma ma ta daure. Aka rataye ta ita kaɗai a kicin, tana ɗan lasar abin da aka yanka da ita don kada yunwa ta kashe ta. Sai wannan," hannun yarinyar ya ɗago ya daki ƙirjinta, "ta zo da tafasasshen ruwa, da sunan Allah a baki, da kumfa. Tsohuwa na kuka tana ƙara mata. Duk fatarta ta saluɓe. To, na ce bari mai tsabta ta ɗanɗana abincinmu."

"Ba ta san da ita ba."

"Mu ma ba mu san da ku ba kafin a kawo mu."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana maimaita aya ɗaya yana yayyafi. Jikin ya yi ta murɗewa a hannun matan, baƙar kumfa na fita ta gefen baki, har muryar ta ce a tsaya, a tsaya, a yi magana irin ta manya.

"A yanka mana baƙin bunsuru a ƙarƙashin motar, a bar shi nan ya ruɓe."

"Ko ƙuda ba za a yanka maka ba."

"To a bar min hannunta na hagu, in riƙa leƙowa gaisuwa."

"Ko farce."

Sai leɓunan yarinyar suka buɗe a hankali, baƙaƙen haƙora a waje.

"To a ba mu motar. Tamu ta ruɓe, ruwan sama na shigo mana. A kai wannan bayan mayanka a ajiye a juya, yanzun nan in fita, ba zan waiwayo ba." Kan ya juya ya bar malam, ya nufi bakaniken. "Ba da kai nake ba, dattijo. Kai mai baƙin hannu, kai nake tambaya. Mota ko yarinya?"

Amsar a bakin kowa take. Uwar har ta buɗe baki ta rufe, don ba ita aka tambaya ba. Bakaniken ya ɗago, kuma maimakon idonsa ya sauka a kan tabarma, sai ya tafi can ɗaya gefen, kan fentin da ya shafa da hannunsa, kan sitiyarin da tafin mahaifinsa ya cinye. Ba wai ya daɗe ba ne. Amma famfon tsakar gida yana ɗiga, kowa kuma ya ji ɗigarsa, ya sake ji, ya sake ji, mutumin bai ce komai ba.

Matarsa ta dube shi, hancinta ya tattare, ta kau da kai.

Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar sai da ta tashi ƙudajen.

"Malam, ka gani? Mu ake ce wa masu cin ƙazanta. Ni da aka taɓa min uwa ban tsaya tunani ba."

"Ɗauki motar!" bakaniken ya ce. "Ɗauki, wallahi ɗauki!"

"Yi mana shiru," in ji malam, bai dube shi ba. "Ɗazu aka so ji." Ya matsa kusa da yarinyar, ya sauke hankicin daga hanci. "Kai kuma ba wa'azi aka kira ka ba. Ba za a ba ka abin da ba naka ba, don gobe ka ji daɗin shiga 'yar wani ka nemi gida. Naka za a mayar maka: ƙarafanka, da uwarka a tsakiyarsu inda aka zare ta. Wanda ya kwanto su shi zai mayar da hannunsa, gobe da safe. Ka karɓa, ko in ɗora daga inda na tsaya?" Ya kai hannu kwanon ruwa.

"Kada a wanke su."

"Ba mai wankewa."

"Kada yarinyar nan ta ƙara taɓa tsohuwa."

"Ko kallonta ba za ta yi ba. Rantse, ka fita ta inda ba za ka yi mata lahani ba."

Ya rantse da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafarta ta hagu ta ɗauki karkarwa har zuwa ƙaramin yatsa, sannan jikin ya saki gaba ɗaya ya zube a cinyar uwar. A can gefe motar ta yi ƙiiit, ta nutsa sau ɗaya. Sai amai ya zo, baƙi, mai kauri, da gashi da ɓarɓashin ƙashi, ya yi ta zuwa har tabarmar ta tashi daga aiki. Malam ya miƙe ya wanke hannu har gwiwa. Aka kawo masa ruwan sha, ya dubi kofin, ya ce a yi masa uzuri.

Gari na wayewa bakaniken ya fito da jak. Ya ɗaga motar ya ɗora ta a kan bulo, ya kwance abin da ya ɗaura da murna, noti bayan noti. Ya buɗe kusar tsakiya ya zare nasa fallen, ya ɗauko wuƙar da filaya ya zura ta a gurbin, ya ɗaure da waya. A baro ya loda su ya tura ta cikin unguwa, mutane na buɗe masa hanya suna toshe hanci, baron na ƙara nauyi yana raguwa kamar ana hawa ana sauka. Mai gwangwan ya hango shi, ya shige rumfarsa. Bakaniken ya sake kwanciya a cikin caɓin ƙarƙashin matacciyar motar ya mayar da su mazauninsu, ya ɗaure kowane noti tamau. Wannan karon da abin ya ɗigo masa a wuya sai da ya mirgina gefe ya amayar da duk abin da ke cikinsa.

Da ya dawo ya tarar gidan ya canza. An wanke tsakar gida, an ƙona tabarma, iska na wucewa ba ta ɗauke da komai. Matarsa tana tsugune tana dirzar tukwane. Ya yi sallama, ta amsa wa tukunya. Kaka ta saki labulenta.

Yarinyar tana zaune a kan 'yar kujera a bakin famfo. An yi mata wanka, an aske gashin da ya ƙi tsefuwa, ta ɗaura ɗankwali, leɓunanta sun yi ja saboda dirza. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Amma idon nata ne. Ya tsaya nesa da ita saboda abin da ke jikinsa.

"Sannu, uwata. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

"An mayar. An gama, ba za su ƙara..."

"Mama ta gaya min abin da na ci," ta ce a hankali, tana kallon hannuwanta. "Ban tuna ba. Ko ɗanɗanon ban tuna ba, Allah ya rufa min asiri. Kamar ina can ƙasan rijiya ne, ana magana a sama." Ta ɗago. "Amma na ji lokacin da ya tambaye ka."

"Ai na ce ya ɗauka. Kin ji na ce ya ɗauka."

"Na ji, Baba. Kafin nan ma ina ji. Ina can ƙasa ina ta jira."

Ta miƙe, jiri ya ɗebe ta, ya kai hannu zai tare ta. Ta janye gefen zanenta kada ya taɓa, ta dafa bango, ta bi shi a hankali har ɗakin uwarta, ta ja ƙofa. Ya tsaya a tsakar gidan da hannun a miƙe, bai san inda zai sa shi ba.